Geron da Na Hana wa Ruwa

Ina da shekara talatin da tara na koma jami'a neman digiri na biyu, bayan na daɗe ina koyar da ilmin halittu a wata makarantar 'yan mata a cikin garin Sakkwato. Ba wanda ya aike ni. Maigidana ya ce in ina so in je, 'ya'yana suka yi ta dariya wai Mama ma za a riƙa ba ta jinga. Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Na gaji da tsayuwa gaban allo ina karanto abin da wasu suka gano. Ina son ko abu ɗaya ne, komai ƙanƙantarsa, in ce ni na tona na gani da idona.

Karatun aji bai ba ni wahala ba. Aikin bincike ne ya tsaya mini a wuya. Sau biyu ina ɗage shi, na farko don haihuwar autana, na biyu don jinyar mahaifiyata har Allah ya karɓi abarsa. Da na dawo karo na uku aka kira ni ofis aka gaya mini ba ɓoye-ɓoye: wannan zangon shi ne na ƙarshe da doka ta ba ni. In ban kawo aiki kammalalle ba, za a cire sunana, duk shekarun da na yi su bi ruwa.

Malamar da ke duba aikina 'yar Filato ce, Kirista, gajeriya, ba ta rabuwa da malafar manoma ko a cikin ofis. Hidimar ƙasa ta kawo ta Sakkwato tana budurwa, ta kama ɗaki a Sabon Gari, daga nan ba ta sake komawa ba. Tana da wata al'ada da kowane ɗalibinta ya sani. Kafin ta bar ka ka taɓa aikinka, sai ta zagaya da kai sassan wasu mutane a ƙafa, cikin rana, tana gaba kana biye kana haki.

Ranar da ta zagaya da ni, mun fara da wajen masu koyon likitanci. Aka nuna mana ɓeraye farare a keji biyu, abincinsu iri ɗaya, sai dai na keji ɗaya an zare masa sinadari guda. Daga nan muka shiga ɗakin masu nazarin ƙwayoyin cuta, inda wata mata ta ɗago mana faranti na gilashi da ƙwayoyi suka rufe shi, ban da wata 'yar da'ira wajen da aka ɗiga magani. Muka ƙare a wajen masu koyon gini. Nan wani inji ke danne bulo a hankali, mutane huɗu sun zagaye shi da biro da takarda suna jiran ya tsage. Da ya tsage har da murna suka yi.

Muna dawowa ta tambaye ni abin da na gani. Na ce na ga mutane masu ilmi suna ɓarna. Ta yi dariya har ta cire malafa.

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji ta. "Abu in yana tafiya lafiya lau, ba ya gaya miki komai. Sai kin taɓa shi. Ki zare masa abu ɗaya, ki bar ɗan'uwansa yadda yake, sannan ki zauna ki ga bambanci. Ke ba kya rufe ganye da baƙar takarda ki nuna wa 'yan ajinki aikin hasken rana?"

Na ce ina yi duk shekara.

"To shi ke nan, aikin ɗaya ne. Mu masu tsirrai mun ma fi kowa sa'a. Likita ba shi da izinin cire wa mai lafiya wani abu don ya ga yadda zai yi, sai ya jira ciwo ya kawo masa. Masu nazarin gulbi sai sun jira ambaliya. Ke kuwa ranar da kika ga dama za ki kawo fari, ranar da kika ga dama ki ɗauke shi."

Aikina ke nan, kawo fari. Na tattaro irin gero kala huɗu daga ƙauyukan da ke kewaye da gari. Kowane iri zan shuka shi a fangali biyu-biyu. Ɗaya in kafa masa tsumma fari, wannan zai sha ruwa yadda ya kamata har girbi. Ɗayan in kafa masa tsumma ja, shi kuma in ya yi ciki, yana shirin fid da kai, sai a toshe masa ruwa kwana goma sha huɗu cif. Abin da ake nema shi ne a san wane iri ya fi jure wa ɗaukewar ruwa a wannan lokacin. Dole da rani za a yi, don in damina ta sauka ba ni da ikon hana sama zubo da ruwa.

Lambun sashenmu ya cika da ayyukan waɗanda suka riga ni, sai na tuna da kawuna, ƙanen mahaifiyata. Gidansa na Ƙofar Marke, lambunsa na fadama kusa da gulbi, inda yake noman albasa da tattasai tun ban san kaina ba. A lokacin ya doshi saba'in, siriri ne, mai ƙarancin magana, kuma tun da na fara koyarwa bai sake kirana da sunana ba sai Malama, rabi girmamawa rabi tsiya. Ya yanka mini wuri mai kyau kusa da rijiyar injinsa. Na zauna a kan buhu na yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa.

"Tau, Malama," in ji shi, "in na gane, ki shibka gero, ki yi mishi taki, ki ba shi ruwa hat ya yi ciki, sannan ki hana mishi?"

"Awo, Kawu. Kwana goma sha huɗu kawai."

"Kawai," ya maimaita. Ya dubi zanen, ya dube ni. "Boko dai ba shi ƙarewa da abin mamaki."

Na ɗauka wannan amincewa ce. Yanzu da nake tunawa, bai ce mini to ba.

Muka yi shuka bayan an kwashe amfanin damina. Ni sai an tashi makaranta nake samun zuwa, wajen la'asar, in hau keke mai ƙafa uku zuwa bakin fadama in ƙarasa da ƙafa. Ina da tef na awo, da littafi mai bangon kwali, da fensir ɗaure da zare a wuyana. In auna tsawo, in ƙirga ganye, in rubuta. Kawu ke ban ruwa da safe. Wuri ne mai daɗi da yamma, ga warin albasa, ga ƙarar injina nesa da kusa, ga balbelu suna bin masu huɗa. Tun rasuwar mahaifiyata ban sami inda hankalina ya kwanta kamar nan ba.

Da geron ya yi ciki, ni da hannuna na ɗauki fartanya na toshe bakin kowane fangali mai jan tsumma. Na rubuta ranar, na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Sai na zauna jiran ganye ya fara naɗewa.

Kwana biyar, ba abin da ya naɗe. Kwana takwas, jajayen na nan kore shar kamar fararen. Kwana goma sha biyu, har sun fara fid da kai tare da 'yan'uwansu, ba wanda ya fi wani ko da faɗin yatsa. Da wani mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai kaina ya fara kumbura. Ina kwance ina lissafin yadda za a ce wata malamar makaranta ta gano cewa geron Sakkwato ba ya jin ƙishirwa. Har na gaya wa maigidana, ya ce Allah ya sa haka, da irin muryar da yake yi wa yara in sun ce za su sayo masa jirgi.

Na kai wa malamata littafin ina ta rawar jiki. Ta duba shafi uku, ta rufe, ta ce gobe Asabar in zo mu je tare, da sassafe.

Mun isa rana ba ta gama fitowa ba. Malamata ba ta ko dubi geron ba. Ta durƙusa a fangali na farko mai jan tsumma, ta cusa yatsa a gindin shuka, ta zaro shi ta nuna mini. Laka ce jiƙe sharkaf. Ta je na biyu, haka. Ni da nake zuwa da la'asar, bayan rana ta busar da saman ƙasa, wata biyu da rabi ina auna abin da ke sama, ban taɓa sa yatsa a ƙasa ba. Can gefe ga kawu yana wanke garwa biyu.

"Kawu, kai ka ba jajayen ga ruwa?" na tambaye shi.

"Ni na," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kullum bayan Asuba. Ban buɗe inda kinka toshe ba, da garwa ni ka kai musu."

"Don mi?"

"Ba ki tambaye ni ba, da na hwaɗa miki. Ga rijiya cike, ga abu mai rai gabana shina naɗe kunne. In anka tambaye ni gobe ƙiyama, in ce mi? In ce ɗiyata tac ce in bari?"

Ina da saurin fushi, duk danginmu sun sani. Na ce masa ya kashe mini wata uku. Na ce wanda bai taɓa zama aji ba ba zai san wuyar da ke cikinsa ba. A gaban baƙuwa na faɗi wannan, ga mutumin da ya ɗebe mini kewar uba tun ina 'yar shekara shida. Ya kife garwar ya tafi wajen albasarsa. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunya ta rufe ni.

Malama ta bar ni na gama huci, sannan ta ce laifin kashi uku ne, biyu nawa. Ta ƙirga watanni da yatsa. In aka sake shuka cikin mako guda, gero zai yi ciki tsakiyar bazara, a yi girbi gab da saukar ruwan farko. Da ƙyar zai yiwu, kuma babu karo na uku. Ta ce amma kafin a jefa ƙwaya ɗaya a ƙasa sai an sami mai lambu, don ba a yin gwaji a bayan idon wanda ke riƙe da ruwa.

Ita ta je ta same shi. Ta cire malafa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda 'yar gida za ta yi, ta zauna a ƙasa gefen fangalin albasa. Ina tsaye daga baya kamar marar gaskiya. Ba ta yi masa wa'azin kimiyya ba. Tambayarsa ta yi, ko ya taɓa ganin shekarar da ruwa ya ɗauke gero na da ciki.

Ya amsa yana cire ciyawa.

"Na gani, ina yaro. Babanmu yat tsaya tsakag gona, yac cire hula. Kan geron yah hito hwari tas, ba ƙwaya. Shekaran nan munka rasa ƙanwarmu, tana goye."

Ban taɓa jin labarin wannan ƙanwar ba. Mahaifiyata ta rayu ta mutu ba ta ambace ta gabana ba.

"Allah ya jiƙanta," in ji Malama. "Baba, irin nan huɗu da 'yarka ta shuka, wataƙila a cikinsu akwai wanda in ruwa ya ɗauke haka zai daure ya ba da ko rabi. Ba mu san wanne ba ne. Shi kuma ba zai faɗa ba sai ya ji ƙishin."

Kawu ya dubi inda geron yake.

"Ke nan wanga shi ka shan wuya don na baya su huta."

"Haka ne, Baba."

"Tau. Na ɗau alkawali. Ko ɗigo ban ba shi."

Da yamma na bi shi gida na ba shi haƙuri. Ya ce wane haƙuri, shi bai ji komai ba, injin na ƙara. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta harare ni ta miƙo mini kwanon tuwo, alamar labari ya riga ni isowa.

Muka tuge geron farko aka ba awaki, muka sake shuka. Wannan karon na yi hankali. Na samo gwangwanaye masu murfi, duk bayan kwana biyu in ɗebi ƙasa daga zurfin taƙi guda, in kai jami'a a auna nauyinta, a gasa ta bushe a sake aunawa, don in san ainihin ruwan da ke ciki. Geron ya taso da ƙarfinsa, zafi na ƙaruwa yana ƙara tsawo. Ya yi ciki daidai lokacin da Malama ta lissafa, tsakiyar bazara, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da azahar. A shekarun nan watan azumi cikin damina yake faɗowa, saboda haka kowa na shan ruwansa yadda ya ga dama. Na sake toshe bakin jajayen, ranar wata Litinin.

Kawu ya cika alkawari. Kwana uku ƙasa ta fara tsagewa. Kwana biyar ganye ya fara naɗewa da rana, ya warware da yamma. Kwana bakwai ya daina warwarewa, koren ya koma toka-toka, na ƙasa suka yi rawaya. Kuma ga bambancin da nake nema ya fara fitowa, iri biyu sun langaɓe, ɗaya na tsaka-tsaki, ɗaya gajere da na samo daga wani ƙauye na arewa yana tsaye abinsa. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Ina tafe tsakanin shuka mai wahala ina murmushi ina rubutu.

Kullum nakan zo da fura da nono mai ƙanƙara a cikin kula, mu sha ni da kawu a gindin mangwaro. Ranar da na toshe ruwan ya ce azumi yake, na ce ai Litinin ce, Allah ya ba da lada. Washegari ya ce in ajiye sai an jima. Ranar Alhamis ya ce azumi, ban yi mamaki ba. Sauran ranakun in na zo sai in tarar ya yi nisa cikin albasa, ya ɗaga mini hannu daga can. Ni da ke ƙirga ganyen gero ɗaya bayan ɗaya, ban lura mutum ya rame ba.

Ranar kwana na tara na biya Ƙofar Marke gaida Inna kafin in wuce fadama. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko amsa gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Ke, wane irin aiki na kinka ba kawunki?"

"Ban ba shi komi ba, Inna. Hana shi aiki ma niy yi."

"Tun randa kinka toshe ruwan ga bai sake sa komi bakinai da rana ba. Kwana tara yau. Cikin zahin ga, tsoho kamatai. Na yi magana na gaji, ya ce in bar shi. Jiya da yad dawo sai da yad dahe bango."

Na fito zaure na tsaya. Na kira Malama a waya na gaya mata. Ta ce a wajen likitoci, in gwaji ya fara cutar da mutum, tsayar da shi ake yi ko saura kwana ɗaya. Ta ce in na buɗe ruwan ba za ta ga laifina ba ko kaɗan, amma kada in yaudari kaina, kwana tara ba su ne abin da aka amince mini in yi ba, kuma ba ta da wani zangon da za ta ba ni. Ta ce in je in dube shi da idona, in yanke.

A cikin keke na yanke. Digiri dai takarda ce, kawu kuwa shi kaɗai ya rage mini a ɗakin su mahaifiyata. Ina hawaye ina jin haushin kaina da haushinsa, har mai keken ya tambaye ni ko lafiya.

Na same shi a gindin mangwaro, ya jingina da itacen, carbi a hannu. Sai a ranar na dube shi sosai. Leɓunansa sun tsattsage, idanun sun faɗa. Ban ko gaishe shi ba, na wuce na ɗauki fartanya na nufi fangali na farko.

"Malama," in ji shi. "Aje hwartanyag ga."

"Kawu, Inna ta hwaɗa min. Buɗewa za ni yi."

"Na cika alkawali ko ban cika ba?"

"Ka cika."

"Na taɓa geronki?"

"A'a."

"Tau abin da ke tsakanina da Ubangijina ba shi cikin littahinki. Ni dai ban iya ɗaga moɗa in sha, shi shina tsaye gabana da ƙishi. Shi ke nan, ba wani abu na ba." Ya gyara zama. "In kinka buɗe yau, kwana taran da yas sha wuya sun tahi banza, da nawa duka. Sannan ba mu san wane na mai dauriyar ba. Saura biyat. Aje."

Na tsaya da fartanya a hannu. Ina jin ƙarar injin maƙwabcinsa, ruwa na gudu a kwalbatin da ke bayana. Sara uku ya isa in buɗe. Na ce masa to ya sha ruwa, ni zan karɓi azumin in yi a madadinsa. Ya yi 'yar dariya, ya ce in na ga dama in yi nawa, amma nasa nasa ne. Daga ƙarshe na ajiye. Ban sani ba har yau ko don shi na ajiye ko don kaina, kuma na daina ƙoƙarin raba su.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Na nemi izini a makaranta na kwana biyar, na koma lambu tun safe. Na karɓe ban ruwan albasa, na koyi tayar da inji, hannuna ya yi kanta, shi kuma na kafa masa doka ba ya barin inuwa. Yana zaune yana ba ni umarni, yana cewa boko bai koya mini riƙon fartanya ba. Da la'asar in raka shi gida, in tsaya sai ya sha ruwa da dabino da kankana a gabana. Kwanakin nan biyar sun fi mini wata ukun farko tsawo. Duk safiya fuskarsa nake fara dubawa kafin in dubi gero.

Tsarin aikin ya ce kwana goma sha huɗu cikakku, a yi awon ƙarshe da hantsin rana ta goma sha biyar, sannan a saki ruwa. Haka na yi. Malama ta zo, ta cusa yatsa a ƙasa, ya fito a bushe ƙayau. Ta bi layi-layi tana duba littafina, ta tsaya a kan gajeren irin nan da ya fid da kai duk da ƙishin, ta ce, "Yanzu kina da aiki." Da gaskiyarta. Mun yi girbi kwana kaɗan kafin ruwan farko, kuma da wannan littafin mai bangon kwali na sami digirina.

Da na rufe littafin a safiyar nan, na miƙa hannu zan ɗauki fartanya, kawu ya riga ni. Ya ce wannan kam shi zai yi. Na tayar da inji, ya bi fangalin ɗaya bayan ɗaya yana sare toshiyar. Ruwa ya shiga yana tsuwwa a cikin tsagar ƙasa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Inda ruwan bai kai da wuri ba, ya ɗauko garwarsa ya kai da hannu, yana zubawa a gindin kowace shuka a hankali, bakinsa na motsi. Ban hana shi ba.

Na buɗe kula na cika kofi da ruwan sanyi, na kai masa har inda yake, da hannu biyu.

"Bismilla, Kawu. An gama."

Ya dubi kofin, ya girgiza kai.

"Na ɗau niyya. Sadda alhijir yak keto gero bai sha ba tukuna."

Ban yi tunanin wannan ba. Na tsara komai, awa da rana da zurfin ƙasa, amma ban tuna cewa shi tun kafin ketowar alfijir ranarsa ke farawa ba. Da na saki ruwan jiya da magariba, da ba abin da zai ragu a aikina sai 'yan awoyi. Na tsaya da kofi a hannu, kunya da tausayi suka kama ni.

Malama ta yi mana sallama ta tafi. Ni na zauna. Kafin azahar ganyen ya fara warwarewa, da la'asar har wani kore-kore ya dawo masa, kawu na nuna mini da carbinsa yana jin daɗi kamar shi ya sha. Rigarsa jiƙe take da ruwan da ya ɗauka, leɓunansa a bushe. Na zuba ruwan kofin a gindin mangwaro, ni ma ban sha ba, muka zauna muna jiran rana ta faɗi.